Rankwashin da na yi mata a ƙeya

Shekara huɗu kenan da 'yan watanni, amma har yau in na ɗaga hannu zan rankwashi yaro sai hannun ya tsaya min a sama. Ni malamar firamare ce, kun san mu da rankwashi, toh ni dai na daina, kuma ba wani ne ya yi min wa'azi ba.

Yarinyar ita ce 'yar farina. Sunan mahaifiyar babanta ta ci shi yasa kowa a gidan yake ce mata Ummi, ni kuwa ko Ummin ma ban taɓa faɗa ba, alkunyar ɗan fari, haka na tashi na ga uwata tana yi da yayanmu, sai dai nace "ke", ko in ana maganarta nace "yarinyar nan". Shekararta 9 lokacin, tana aji huɗu, ga surutu kamar ta haɗiyi rediyo.

Abin ya fara da amai ne da asuba. Tana tashi kafin ma ta sa komai a bakinta sai ta sheƙa amai, ta riƙe kai tace kanta na ciwo, zuwa hantsi kuma ta ware ras tana tsalle-tsalle da ƙannenta kamar ba ita ba. Toh ku faɗa min gaskiya, wace uwa ce za ta ga haka ba ta ce ƙin makaranta ba ne? Mun sha maganin maleriya sau uku, aka ce taifot muka yi allurai, wani mai kemis yace olsa ce a daina ba ta yaji, muka daina. Wata safiyar Litinin ina sauri zan makara, na gama shirya ta tsaf da yunifom sai ta kelaya aman a jikinta da kan tabarma, wallahi ban san sanda na kai mata rankwashi a ƙeya ba, nace ke kullum sai ranar makaranta ciwonki yake tashi. Ba ta yi kuka ba. Ta dafe wajen da hannu biyu ta tsuguna ta yi shiru, ni kuma na wuce ɗauko tsumma.

Bayan nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Rubutunta da nake alfahari da shi ya koma kamar tafiyar kaza, layi ɗaya sai ya gangara ya shiga na ƙasa. In ta ɗauko ruwa a bokiti rabi a ƙasa yake ƙarewa. Tafiyarta ta koma tana ware ƙafafu tana tangaɗi tana bin bango, ƙannenta har suna kwaikwayonta suna dariya. Hajiya, surukata, tace wannan ai shafar iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, ni ban hana ba don ni ma a lokacin abin da zuciyata ta fi karkata a kai kenan. Kusan wata uku muna wannan zagayen. Sai ranar da idonta na hagu ya karkace ya shigo ciki tace min tana ganin kofi biyu a inda kofi ɗaya yake, shi ne babanta yace a kai ta a gwada mata gilashi.

Mai duba idon nan, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake, ya haska wata 'yar fitila cikin idonta ya daɗe yana leƙe, ya koma ɗaya idon, sai ya ajiye fitilar yace "Hajiya wannan ba maganar gilashi ba ce, jijiyar bayan idonta ta kumbura duka biyun, akwai abin da yake matse ta daga cikin kai. Yau ɗin nan za ku yi hoton kai, kar ku ce sai gobe." Muka yi. Washegari muna asibitin koyarwa, an kwantar da mu.

Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙaramin lemun tsami, kuma da likitan ya ɗora yatsa a kan hoton ya nuna min wajen sai na ji ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, don daidai ƙeya ne. Daidai inda na rankwasa.

Ban faɗa wa kowa ba, ko babanta. Kwana biyar ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, in na yi sujada ba abin da nake iya cewa sai astagfirullah, ina ganin da hannuna na jawo wa 'yata. Ga kuma 'yan dubiya kowa da tasa, wata tace ai waya ce da ake barin yara suna kwana da ita, wata tace faɗuwar da ta yi daga kan gado tana jaririya, Hajiya kuma a gefe tana cewa dama ta faɗa lokacin cikin nan yawan shan maganin asibitin nan da nake bai kwanta mata ba.

Farko sai da aka sa mata wata siririyar roba a kai don a rage ruwa. A nan na fara sanin wai akwai ruwa da ƙwaƙwalwa take yi kullum ba hutu, babban mutum kusan rabin lita a rana, wato ledar fiya wata guda, yana zagayawa ta wasu 'yan ɗakuna a cikin kai ya gangara ta wata ƙaramar hanya a ƙeya ya fita jiki ya shanye. Ƙarin ya zauna ne a bakin hanyar kamar leda ta toshe kwata, ruwa ya taru ba wajen fita, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa. In ta kwanta da dare matsin ya ƙaru, shi ne take tashi da ciwon kai da amai, in ta miƙe ta yi zirga-zirga ya ɗan sauka ta ware. Kun ji abin da na kira ƙin makaranta.

Akwai wata matashiyar likita a sashen, Bahaushiya ce, 'yar siririya mai gilashi, ita ce take zagaye da dare. Daren da za a wayi gari a yi babban aikin ta same ni a baranda wajen ƙarfe biyu ina zaune a kan darduma, tace "Maman Ummi ba ki kwanta ba?" Ni dai ban san yadda aka yi ba kawai na ji bakina yana cewa likita don Allah in tambaye ki, rankwashi yana kawo wannan ciwon? Ta dube ni ta daɗe, sai ta jawo benci ta zauna ta ciro wata takardar rubuta magani ta juya bayanta.

Tace "Rankwashi ba ya kawo shi, faɗuwa daga gado ba ta kawo shi, ranar da kika rankwashe ta yana nan a ciki ya riga ya girma, shi ne ma ya sa ta aman. Bari in nuna miki daga inda irinsa yake fitowa." Ta zana wani abu kamar tsutsa. Tace haka ɗan tayi yake a makonnin farko, wani ɗan faifai ne a bayansa yake naɗewa ya zama bututu, kuma kafin ya cika kwana 28 bututun ya rufe, lokacin da mace ma ba ta gama lissafin ɓatan wata ba. Saman bututun shi zai zama ƙwaƙwalwa, ƙasan ya zama lakar gadon baya. A bayan, wajen da zai zama ƙeya, akwai wani ɗan gefe da su likitoci suke ce wa leɓe saboda kamarsa, nan ne ake ƙyanƙyashe ƙwayoyin da za su gina ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, wadda take riƙe da daidaiton tafiya da saitin hannu, shi yasa nata rubutun da tafiyar suka fara lalacewa. Tace ƙaramar ƙwaƙwalwar nan kar ki raina ta, nauyinta kamar kashi ɗaya cikin goma ne na duka, amma cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke kan mutum, wajen kashi 80 cikin 100 a cikinta suke cunkushe. Kuma ba a gama gininta a ciki, ana haihuwar yaro ana ci gaba da aiki har ya wuce shekara ɗaya.

Sai tace "Kin taɓa ganin masu buga bulo a wajen gini?" Nace sosai ma, muna da kango. Tace toh ƙwayoyin nan haka suke, aikinsu su yi ta rabuwa biyu suna yawa suna yawa, ana aiko musu da saƙo a ci gaba, in gini ya kai sai saƙon ya tsaya, kowacce ta bar rabuwa ta koma mazauninta ta girma ta zama jijiya ta kama aikinta. Biliyoyin rabuwa ake yi, kuma duk rabuwa ɗaya sai an kwafe littafin umarnin da ke cikin ƙwayar gaba ɗaya. Wani lokaci a wajen kwafar sai harafi ya kuskure a daidai layin da ke cewa "ya isa", sai a samu 'yan ƙwayoyi da suka maƙale a yarinta, ba su girma ba kuma ba su daina buga bulo ba, gini ya ƙare kowa ya tashi su suna nan. Tace shi yasa ciwon dajin yara daban yake da na manya. Na babba yawanci tarin ɓarnar shekaru ne, taba, rana, tsufa, in aka bincika ƙarin sai a ga kurakurai rututu. Na yaro kuwa sau da yawa kurakuran 'yan kaɗan ne, sai dai sun faɗo a kan ƙwayar da take tsakiyar aikin gini. Shi yasa ma yawancin ƙarin ƙwaƙwalwar yara a ƙeya yake fitowa, na manya kuma a sama.

Nace toh maganin da na sha da cikinta fa? Tace wanne, na ƙarin jini da na maleriya da ake bayarwa a awo? Nace eh. Ta girgiza kai tace ba ruwansu. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin shi ne yaro ya taɓa shan gashi mai ƙarfi a kai, wato hasken injin nan da ake gasa ciwon daji da shi a asibiti, sai kuma 'yan tsirarun da suke gadonsa a jini. Har ta tambaye ni ko a danginmu ko na babanta akwai waɗanda ciwon dajin hanji ya kama da ƙuruciya, don wai akwai wani gado da yake haɗa su biyun, nace babu. Ta ninke takardar ta ba ni, tace "Je ki kwanta, gobe doguwar rana ce." Takardar tana nan cikin akwatina har yau tare da takardar haihuwar yarinyar.

Ba zan ce muku a daren na daina jin ciwon rankwashin ba, har gobe ina ji, yarinya tana fama da ruwa ya matse mata kai ni kuma na ƙara mata. Amma jin cewa na zalunce ta daban, jin cewa ni na sa mata ciwon daban, na biyun ne ya sauka, kuma shi ne dama yake neman kashe ni.

Aiki ya ɗauki awa bakwai. Babban likitan ya fito da hular tiyata a kansa yace Alhamdulillah yana ganin ya kwashe duka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in abin da ya rage ya yi yawa lissafin ya canza. Ta farfaɗo da daddare tace "ruwa", na yi hamdala. Kwana biyu bayan nan sai magana ta ɗauke ɗif. Ido buɗe, tana jin mu, in an ce matse hannuna ta matse, amma ko "a" babu, sai wani irin kuka mai ƙara ba hawaye, ta ƙi kowa, ta yi ta fizge-fizge, haɗiyar abinci ma da ƙyar. Hajiya tace kun gani ko, an taɓa mazaunin mutanen sun riƙe mata harshe. Likitar nan tace a'a, sananne ne, kusan yaro ɗaya cikin huɗu da aka yi wa irin aikin nan yana samun haka, hanyoyin da suka haɗa ƙeya da gaban ƙwaƙwalwa ne suka ji jiki, maganar tana dawowa amma ba mai iya sa mata rana, ku dai yi ta yi mata hira, ku riƙa kiran sunanta.

Ku riƙa kiran sunanta. Ni da ban taɓa ba. Ranar farko na buɗe baki na kasa, na ji kamar duk 'yan ɗakin ni suke kallo. Da dare da kowa ya yi barci na sa bakina a kunnenta na kira ta, ba Ummi ba ma, ainihin sunan yanka, sunan surukata, a hankali kamar mai sata. Ta juyo da ido ta kafe ni da kallo. Daga ranar na yi ta kira har a gaban Hajiya, ita ma ba ta ce komai ba, kawar da kai kawai take.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga Maraɗi da ɗanta ɗan shekara 7, yaro kyakkyawa mai wushirya. Shi ma ido ya karkace, shi ma tangaɗi, bakinsa ya ɗan ja gefe, mu duka da ni da ita mun ɗauka ciwo ɗaya ne, ai duk ƙari a kai aka ce mana. Tare muke cin abinci, in zan je sallah ta kular min, in za ta je in kular mata. Kullum tana tambayata "Mi ya sa ɗiyarki aka yi mata aiki, mu an ce ba a yi?" Har ta fara zargin ko don su baƙi ne ko don an ga ba su da kuɗi. Ni ma abin ya tsaya min, na tambayi likitar a gefe. Tace ba za ta yi min maganar ɗan wata ba, amma za ta faɗa min yadda ciwukan suke. Akwai wanda yake tsirowa a matsayin dunƙule a gefe yana tura ƙwaƙwalwa, wannan ana iya zagaye shi a ciro. Akwai kuma wanda yake tashi a cikin kututturen ƙwaƙwalwa kansa, inda jijiyoyin numfashi da bugun zuciya da haɗiya suke wucewa, kuma ba dunƙule ba ne, ya barbazu ne a tsakaninsu kamar yashi a cikin gari, wuƙa ba ta da abin kamawa. Tace sai a 2012 aka gano kuskuren da ke cikin yawancinsu, a jikin ɗan abin da zaren umarnin ƙwaya yake naɗuwa a kai ne, guri ɗaya tak ya canza, sai ƙwayoyin wajen su kasa girma su tsaya a yarinta, kuma yawanci 'yan shekara 5 zuwa 10 yake kamawa. Gashi yana lafar da shi na 'yan watanni. Ko a Amurka da Ingila yawancin yaran ba sa cika shekara, waɗanda suke kai shekara biyu ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Na dawo na zauna kusa da matar nan tana ɓare wa ɗanta ayaba, ta ɗago tace "'Yar'uwa mi ta ce?" Nace tace a yi ta addu'a. Tsakanin inda ƙarin ɗanta yake da inda na 'yata ya fito bai fi faɗin yatsu biyu ba.

Namu sakamakon ya fito da suna mai tsawo, medulobilastoma, na sa aka rubuta min na haddace shi kamar karatun allo. Wai wasu likitocin Amurka biyu, Harvey Cushing da Percival Bailey, su suka raɗa masa sunan tun 1925, kuma shekaru da yawa ana ɗaukarsa ciwo ɗaya ana yi wa kowa magani ɗaya, wasu yaran su warke wasu su tafi ba a san dalili ba. Likitar tace yanzu an san gida huɗu ne a ƙarƙashin suna ɗaya, an daidaita a kan haka a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shigar da rabon cikin tsarinta a 2016, kuma ba duka daga irin ƙwaya ɗaya suke fitowa ba. Akwai SHH, wanda yake fitowa daga masu buga bulon nan na saman ƙaramar ƙwaƙwalwa, ya fi kama jarirai da manya, har tana dariya tace wai sunan wata bushiya ce ta wasan gem masu binciken suka sa wa saƙon. Akwai rukuni na 3 wanda ya fi tsanani, yana son bazuwa cikin laka, musamman in ya zo da wani abu da suke ce wa MYC. Akwai rukuni na 4 wanda ya fi yawa, shi tsaka-tsaki ne. Sai WNT, wanda ya fi ƙaranci, kamar yaro 10 cikin 100, yana fitowa daga ƙasan leɓen nan ta wajen kututture, ya fi kama yara 'yan wajen shekara goma, kuma fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa in sun samu cikakken magani. Nace toh namu wanne ne? Tace a nan ba za mu iya sani ba, sai an tura ɗan yankin naman waje, kuma da kuɗi.

Babanta yace in sanin ba zai canza maganin ba me ye amfanin kashe kuɗin, ga gashi a gaba ga kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji. Gaskiyarsa ne ta wani gefen. Amma ni na kasa, na sayar da 'yan kunnena da sarƙar aurena aka tura. Kafin ya dawo aka yi hoton laka aka ɗebi ruwan bayanta, duka ba a ga ya bazu ba. Sati uku ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ranar da ya zo likitar ba ta ma jira zagaye ba, ta leƙo ta taga tana murmushi tace "Maman Ummi, WNT ne." Na faɗi na yi sujada a kan tayil ɗin asibiti. Da na ɗago sai muka haɗa ido da 'yar Maraɗi, tana ta taya ni murna da gaske har da hawaye, wallahi ban taɓa jin kunyar farin ciki irin ta ranar ba.

Wani abin mamakin da ta ƙara min, wai dalilin da ya sa wannan gidan yake jin magani, jijiyoyin jinin da ƙarin yake yi wa kansa masu yoyo ne. Ita ƙwaƙwalwa tana da shinge da yake hana magunguna shiga, shi kuma WNT da kansa yake ɓata shingen wajensa, sai kemo ya samu ƙofa.

Kar wani ya ji 90 cikin 100 ya ɗauka shikenan. Wannan lissafin na wanda ya samu komai ne a kan lokaci. Ana so a fara gashi cikin kamar wata ɗaya zuwa sati shida bayan aiki, mu kuwa inda aka fara tura mu aka ce injin ya lalace ana jiran gyara, ba ranar da za a ce mana. Muka sayar da kangon nan da na ce muku muna da shi, 'yan'uwa da malaman makarantarmu suka yi karo-karo, muka tafi Legas. Zama 30, Litinin zuwa Juma'a, sati shida, an yi mata wani abin rufe fuska na roba mai raga da ake ɗaure kanta da shi a jikin gado kar ta motsa, ana gasa kai da laka gaba ɗaya sannan a ƙara wa ƙeya. A can na ga wata da jaririnta ɗan shekara biyu aka ce shi ba za a gasa masa ba, don ƙasa da shekara 3 ƙwaƙwalwar tana kan ginuwa, gashin zai ɓata ta fiye da kima, sai dai kemo. Nan ma dai maganar ginin ce ta dawo. Daga baya na ga inda Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a irin namu da yawa ba a kai 30 ba, kuma tun 2018 suka sa burin a kai 60 kafin 2030. Ban yi mamaki ba ko kaɗan, na ga inda sauran suke zubewa da idona, wata uku a kemis, wata biyu a wajen mai magani, injin da ya lalace, kuɗin mota.

A Legas ɗin maganarta ta dawo, kwana 41 bayan ta ɗauke. Ina ba ta kunu a cokali ta ture hannuna tace "zafi", a hankali, muryar kamar ba tata ba. Na ajiye kofin na fita waje na yi kuka na ƙoshi. Muna can kuma aka kira ni daga Maraɗi, yaron ya rasu, wata bakwai da fara ciwonsa.

Kemo ya ci mana kusan shekara, amai, zubar gashi, ƙarin jini, kwanciya asibiti duk sanda zazzaɓi ya taso, wannan ba sai na ja ba, duk wanda ya yi jinya ya sani.

Yanzu shekararta 13. Tana nan da ranta, hotuna duk suna fitowa lafiya, daga kowane wata uku an koma wata shida. Amma ba yarinyar da na rankwasa ba ce aka dawo min da ita, gara in faɗa don masu zuwa bayana su sani. Ɗaya daga magungunan kemon ya taɓa mata ji, ba ta jin siririn sauti, in ana hayaniya sai ta kalli bakinka. Gashin laka ya rage mata tsawo, ƙanwarta da take bi mata ta wuce ta, kuma tana shan ƙwayar tayirod, wata halitta da ke maƙoshi wadda gashin ya raunana, kullum da safe. Karatu tana ganewa amma a hankali, lissafin da 'yan ajinsu za su yi a minti biyar ita sai ta yi sha biyar, ta maimaita aji ɗaya. Surutun nan ya ragu, tana magana kamar mai auna kowace kalma. Likitar tace yanzu a waje ana gwada rage wa 'yan WNT ƙarfin gashin tunda suna jin magani, don a rage irin wannan ɓarnar, amma da aka gwada cire shi gaba ɗaya ciwon ya dawo wa yaran. Mu dai cikakke muka sha, ban kuma yi da-na-sani ba.

A makaranta yanzu in uwa tace min ɗanta kullum da safe sai ya yi amai da ciwon kai, ko na ga rubutun yaro ya fara gangarowa, ba na jira, har gida nake bin su ince a je a haska bayan idonsa. Sau biyu ba a ga komai ba, ɗaya uban har ya ji haushina yace na sa shi asarar kuɗin mota. Ya ji ɗin.

Na taɓa tambayarta ko tana tuna ranar rankwashin. Tace wanne a ciki? Muka yi dariya, ni tawa da hawaye. A ƙeyarta gashin bai dawo sosai ba, ga tabon ɗinki ya miƙe har wuya, shi yasa ni nake yi mata kitso da kaina, in na zo wajen sai in sassauta hannu, ita kuma tace Mama ja mana ai ba zafi.

'Yar Maraɗi har yau duk sallah sai ta kira. Ba ta taɓa cewa yaya Ummi ba, sai dai tace "Ina ɗiyata, ba ni ita." In miƙa mata wayar a kunnen dama, wanda ya fi ji, su yi ta hira ni ina tsakar gida ina jin rabin maganar. Bana tace in Allah ya kai mu bayan damina za ta zo, wai ta saƙa mata hula.